Haɗin da Dada Ta Bari a Bayan Ƙofa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya karɓi ran kakata, mahaifiyar mahaifina, wadda duk zuri'armu ke kira Dada, ranar wata Talata a tsakiyar bazarar da ta wuce, a ɗakinta da ke gidanmu na Azare, tsakanin azahar da la'asar. Ban rubuta shekarunta ba, domin ban same su a tabbace ba. Baba ya ce ta haura tamanin. Ƙanenta, wanda muke kira Malam, ya ce ba ta kai ba, "sai dai in ni ma an ƙara mini ban sani ba." Tunda babu takarda, na bar wurin a buɗe. Gara a same ni da giɓi da a same ni da ƙari.

Na halarci zaman makoki da dama, amma ban taɓa ganin wanda mutane ke fama da dariya suna danne ta kamar na Dada ba. Mutum zai shigo rumfar da aka kafa a ƙofar gida, ya durƙusa gaban Baba, ya ce, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta." A shafa addu'a, ya koma gefe ya zauna da fuskar da ta dace da wurin. Ba a jimawa sai a ga ya karkata ga na kusa da shi, ya rage murya: "Kai, amma zoɓon tsohuwar nan!" Daga nan zance ya ɓalle.

Wani dattijo da ya taso tun daga Misau ya ce a walimar aurensa Dada ce ta yi abin sha, kuma babban abokinsa ya ɓoye jug guda a ƙarƙashin babbar riga don ya tafi da shi gida. Aka zo gaisawa da liman, ya sunkuya, jug ya tuntsire. Ya ce har yau farar rigar nan tana cikin akwati, ja bai fita ba, abota ma ba ta fita ba. 'Yan acaɓan da ke tsayawa a bakin layinmu suka zo a jere. Babbansu ya ce duk bazara Dada kan sa a ajiye musu randar zoɓo a zaure, amma shan yana da sharaɗi: sai ta leƙo ta tambayi mutum yadda ya ji shi. Wanda ya ce "ya yi daɗi" kawai, faɗa zai sha. "Daɗi na san da shi," in ji ta, "abin da babu nake tambaya."

A cikin gida kuwa, aminiyarta, wata dattijuwa 'yar asalin Barno da muke kira Hajja, ita ta riƙe zaman mata. Tana sharar hawaye tana cewa, "Shekara arba'in ina roƙon matar nan sirrin haɗinta, kullum sai ta ce in dawo gobe. Ita kuwa ta aiko in ba ta kajijin turara ɗaki, ban taɓa hana ta ba. To ga goben nan, Dada, ina kike?"

Na ɗauki alƙalami ne saboda dalili biyu. Na farko, kada a manta da ita. Na biyu, akwai abin da ya faru a tsakar gidanmu ranar sadakar uku, wanda ake ta ba da labarinsa da ƙari da ragi. Dada ta rasu ta bar gora tara na wani haɗi da ta yi da hannunta a safiyar ranar da ta cika. Domina ta yi shi. Shi ne haɗi ɗaya tilo da ban taɓa sha ba, kuma shi kaɗai ne babu a littafin da na yi shekara uku ina rubuta sana'arta a ciki. Abin da muka yi da gorunan nan ba zai fahimtu ba sai an san wace ce ita.

A tsohon garin Katagum aka haife ta, aure ne ya kawo ta Azare. Ta zo da hannun jiƙon tsamiya irin na gidansu, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda akwai tsamiyar da ta kai ta garinsu ba. In aka kawo mata ta kasuwa, takan ɓalla ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta ce, "Wannan ba ta sha ruwan kogi ba."

Yadda abarbar gwangwani ta shigo aikinta kuwa, ruwaya biyu na samu. Baba ya ce wani abokin fataucin marigayi kakana ne ya ba shi katan guda kyauta a Kano. Goggo, wadda ita ce babbar 'yar Dada kuma ta girmi Baba, ta ce ba haka ba ne. Ta ce ruwan sama ne ya bugi kayan a bayan mota, takardun jikin gwangwanayen suka ɓare, kakana ya saye su da zaton kifi ne. Na fi karkata ga ruwayar Goggo, saboda ta ce tana tsaye a wurin. Dada ta ɗora miyar kuka, ta sa wuƙa ta fasa gwangwani, sai ga wasu rawayen zobba suna iyo a ruwan zaƙi. Ta ɗaga ɗaya ta duba ta ramin tsakiyarsa, ta dubi mijinta ta cikinsa, ta ce, "Alhaji, kifin naka ba ƙaya, amma ban ga alamar zai yi shiri da kuka ba." Akwai zoɓo da ta dafa yana hucewa a gefe. Don kada a yi asara ta juye ruwan a ciki. Goggo ta ce ranar babu wanda ya tuna da tuwo.

Tun daga lokacin ta fifita ta gwangwani a kan ɗanya. Takan ce ɗanyar abarba halin mutum gare ta, yau zaƙi gobe tsami, kuma tana sa zoɓo saurin lalacewa, ta gwangwani kuwa ba ta canja magana. Sai da na je jami'a na karanci ilimin sinadarai na gane cewa ɓawon ɗanyar yana ɗauke da ƙwayoyin yis masu juya sukari ya zama barasa, ita kuwa ta gwangwani an riga an dafa ta. Na dawo hutu ina ɗokin faɗa mata. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Shekara nawa ka yi kafin su gaya maka? Da ka tambaye ni, da na rage maka hanya."

Ban da abarba, ta gwada mangwaron gwangwani, ta gwada gaurayen 'ya'yan itatuwa da alhazai ke tsaraba da shi. Wani ta karɓa, wani ta kore shi bayan gwaji ɗaya. Mangwaro ta ce ya cika son a san da shi, sai a ba shi tsamiya ta rage masa baki. Gaurayen kuwa ta ce taron 'yan biki ne, kowa na magana ba a jin kowa.

Rigimarta da Malam ita ce ta gyara sana'ar baki ɗaya, kuma daga bakinsa na ji ta. Yana saurayi ya dawo daga karatu a Barno da zafin sabon ilimi, ya tarar da yayarsa tana jiƙa zoɓo da tsamiya da abarba a randa ɗaya. Ya ce ya karanta cewa ba a son a jiƙa 'ya'yan itace iri biyu a mazubi guda, domin haka na gaggauta juyawarsu. Azumi ne a lokacin. Ya ce shi kam ba zai sha ba.

"Ni na goya ka," in ji Dada, "yau kuma kai za ka koya mini jiƙo?"

"Yaya, ba ni na faɗa ba, littafi ne."

"To littafin ya shayar da kai."

Malam ya ce kwana goma sha biyu yana buɗa baki da ruwan randa zalla, yana jin ƙarar ludayi a ƙwaryar jama'a, yana kallon sama kamar mai neman wata. Ashe Dada ta aika kasuwa an sayo mata ƙananan tukwane huɗu. A rana ta goma sha uku ta aika masa da tire: kofi ɗaya na zoɓo, ɗaya na tsamiya, ɗaya na citta da kanumfari, ɗaya na ruwan abarba, kowanne an yi shi daban, ga kuma ƙwarya babu komai a ciki. Saƙon da ya biyo tiren shi ne, "A ce ya haɗa da hannunsa. In da laifi, nasa ne." Malam ya haɗa. Ya zuba citta kamar mai jin haushinta, ya kurɓa, ya yi ta tari har ladan ya gama kiran salla. Washegari ya ɗauki ƙwaryarsa ya tafi ƙofar ɗakinta da kansa, ya ce, "Yaya, haɗa mini."

Na tambaye shi hukuncin mas'alar a yanzu. Ya ce akwai faɗi a cikinta fiye da yadda ya ɗauka a lokacin ƙuruciya. Ni ba ni da hurumin fatawa, don haka na tsaya a nan. Abin da na sani shi ne Dada ba ta sake komawa randa ɗaya ba. Ta gano cewa in kowane abu ya dahu shi kaɗai, aka haɗa su dab da sha, kowanne yakan riƙe muryarsa. Ba ta taɓa gode wa Malam a fili ba, amma kofinsa ne na farko a kowane haɗi har ƙarshen rayuwarta.

Daga nan ne kuma dokarta ta fito, wadda duk wanda ya tashi a gidanmu ya haddace: abin sha ba ya magana. Tana nufin in haɗi ya daɗe, musamman da zafi, yakan fara kumfa da huci, ya kama hanyar zama giya. Gwajinta biyu ne. Ta danna gorar roba da babban yatsa, in ta lotsa, lafiya, in ta yi tauri ta ce, "Ya fara girman kai." Sai ta kai kunne. In ta ji ɗan sautin nan kamar na tafasa daga nesa, shi ke nan. "Ran da ya fara magana, ya tashi daga na gidan nan." Ba ta ɗanɗanawa don ta tabbatar, ba ta kuma bari a ɗanɗana.

Wanda ya fara magana wurin zuwansa ɗaya ne: gindin bishiyar lemun tsamin da ke tsakar gida. Bishiyar ta karkace tun tana ƙarama, ta jingina da katanga. Dada kan kira ta mashayiyar gidan nan. "Ku dube ta," takan ce tana tuttula mata, "ko tsayuwa daidai ba ta iyawa. Allah Ya shirye ki." Kuma duk unguwarmu ban san bishiyar da ta kai ta 'ya'ya ba.

A zaman makokin ne wata maƙwabciyarmu ta faɗi abin da ko Goggo ba ta sani ba. Ta ce a sunan ɗanta na fari ta ƙi neman taimako, ta yi zoɓonta da kanta tun kwana biyu kafin suna, don dangin miji su san ita ma ta iya. Da safiyar suna ta buɗe bokiti ta tarar yana kumfa. Tana tsaye tana kuka a bayan ɗaki sai ta ji muryar Dada ta kan katanga: "Ke, miƙo mini shi nan." Ta miƙa. Kafin baƙi su taru, Dada ta miƙo mata wani bokitin ta kan katangar, ta ce, "Naki ne. In an yaba ki ce na gode, kada ki ƙara ko kalma." Aka yi ta yaba hannun amarya. Ta ce da yamma ta leƙa ta ga Dada a gindin lemu tana zuba wanda ta miƙa mata tana cewa, "Yau har da na maƙwabta kika samu."

Ni kuwa, kamar yadda kaka ke yi da jikanta namiji, ango take kira na. Da na shiga shekara ta biyu a jami'a na zo mata da sikeli da kofin awo da littafi, sai sunan ya ƙaru ya zama ango mai sikeli. Ma'auninta tsohon gwangwanin abarba ne da ya lotsa a gefe guda. Na auna cikinsa sau uku don in tabbata. Tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugune tana kallona.

"Ango, in na mutu sikelin ne zai yi maka girki?"

"Dada, so nake in rubuta daidai, kada a samu kuskure."

"Rubuta. Amma ka rubuta cewa tsamiyar bana ta fi ta bara faɗa, kuma ban san ta baɗi ba."

Duk da tsiyar da take yi mini, ta bar ni na rubuta tukwanen nan huɗu filla-filla: yawan zoɓo, tsawon dahuwa, lokacin da ake sauke citta kafin ta yi ɗaci. Haɗe-haɗenta ma na rubuta guda shida, ina kallo ina ƙirga ludayi. Saura ɗaya, wanda ake kira haɗin ango. Ba ta yin sa sai ɗa ko jika ya kai wata babbar rana, aure ko sauka ko dawowa daga Makka, kuma in za ta yi shi takan shige ɗaki da tukwanenta ta turo ƙofa. Sau biyu aka yi shi da wayona, sau biyun ina makaranta. Na roƙe ta ta faɗa mini abin da ke ciki. Ta ce, "Ran da ka gama bautar ƙasa zan haɗa maka naka. Ka sha. In harshenka ya yi karatu kamar kanka, kai za ka faɗa mini abin da ke ciki." Na bar masa shafi guda fari a littafin, na rubuta sunansa a sama.

Ranar Talatar nan ina hanya, na taso daga kudu inda na yi bautar ƙasa. Da hantsi ta sa Goggo ta kira ni a waya. Muryar Dada garau. Ta ce, "Ango, ina kake? Na haɗa. Ka yi sauri kada ya fara magana kafin ka iso." Na ce ina tafe. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Ta yi sallar azahar, ta ce za ta ɗan kishingiɗa. Na iso Azare ana dawowa daga maƙabarta.

A cikin ruɗanin kwanakin nan babu wanda ya tuna da haɗin, har ni. Sai ranar Alhamis, bayan an yi addu'ar uku da safe baƙi sun ragu, Goggo ta shiga share ɗakin. A bayan ƙofa ta tarar da daro da ruwa a ciki, an jera gora tara, an lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu wanda ya riga ya bushe. Mako guda ke nan babu wuta a unguwarmu, shi ya sa Dada ba ta sa su a firji ba. Goggo ta fito da daron tsakar gida, ta ajiye, ta zauna a gabansa. Baba ya shigo, Malam ya shigo, Hajja ta matso da tabarmarta.

Goggo ta ce, "Hannun uwarmu ne na ƙarshe. A kawo kofuna, kowa ya samu ko kurɓi ɗaya ne."

Baba ya ce, "Yaya, kwana biyu fa ke nan, ga wannan zafi." Ya juya ga Malam. "Kawu, me ka gani?"

Malam ya shafa gemu. "Ban ce haram ba, tunda ban san ko yana bugarwa ba. Ban kuma ce ku sha ba. Na taɓa yi wa mai abin nan fatawa sau ɗaya, na sha ruwan randa kwana goma sha biyu. Ga mai digiri nan, a tambaye shi."

Duk suka dube ni. Na shiga na ɗauko wani ɗan ma'auni na gilashi da ake tsomawa a ruwa ya nuna yawan sukarin da ke ciki. Ina riƙe da shi na san ba zai amfane ni ba, domin ba ya faɗin yawan barasa sai an gwada awon farko da na ƙarshe, ni kuwa ba ni da awon ranar Talata. Wajibi ne in faɗi gaskiya a nan: na yi tunanin in tsoma shi, in ɗaga shi sama, in ambaci wata lamba, in ce lafiya lau. Babu wanda zai gane. A iya sanina ma, mai yiwuwa abin da ya juya a kwana biyu kaɗan ne. Kuma kurɓi ɗaya ya ishe ni in cike farin shafin nan, in amsa tambayar da ta ce za ta yi mini. In aka zubar, haɗin ango ya bi ta.

Amma Dada ba ta taɓa kafa dokarta a kan lamba ba. Na ajiye gilashin a kan tabarma. Na ɗauki gora ɗaya na danna da babban yatsa. Tauri kamar dutse. Na kai kunne. Tsakar gidan ya yi tsit, har na ji shi sarai, ɗan sautin tafasa daga nesa. Na murɗa murfin kaɗan, sai ya yi huci, jan kumfa ya taso ya malalo mini a yatsu.

Hajja ce ta fara fashewa da dariya, hawaye na zuba. "Kun ji shi ko? Surutu! Wallahi halin mai shi ya ɗauko."

Goggo ta ce, "Ɗana, ko ɗigo ɗaya a harshe? Dominka fa ta yi."

Na ce, "Goggo, ta ce in yi sauri kada ya fara magana. Ban yi sauri ba."

Na daɗe ina kallon kumfan da ke yatsuna. Ban lasa ba. Na rubuta wannan ne saboda an tambaye ni fiye da sau ɗaya, kuma masu cewa mun sha mun yi barci har la'asar ba su faɗi gaskiya ba. Abin da na yi kawai shi ne na shinshina. Na ji abarba, na ji kanumfari, na ji lemun tsami, sannan can ƙasa na ji wani ƙamshi da na san na sani amma na kasa kiran sunansa. Daga nan na wanke hannu.

Goggo ce da kanta ta fara ɗaukar gora ta nufi gindin lemu. Baba ya bi ta. Muka yi ta zubawa ɗaya bayan ɗaya, ƙasa na sha tana kumfa. Malam ya tsaya da tasa gorar ya dubi bishiyar, ya ce, "Kin ci gado, mashayiya. Mu 'yan'uwa ba mu samu ba." Ta ƙarshe ni aka bar wa.

Kafin sadakar arba'in na shawarta da Goggo cewa mu yi abin sha irin na Dada don masu zuwa addu'a. Na dafa tukwane huɗu bisa littafi, ban kauce ko da ludayi ɗaya ba. Na tsinko lemu daga bishiyar. Ana gobe sadaka, da la'asar, na zaunar da mutum uku da suka sha haɗin ango sau da yawa, wato Malam da Goggo da Hajja, na ce su zama sikelina. Na haɗa na farko.

Malam ya kurɓa. "Ƙara citta."

"Kai da citta!" in ji Hajja. "Ba ita ta kusa kashe ka ba? Tsamiya ce ta yi yawa."

Goggo ta ce lemu ne bai ji ba. Na gyara, na sake gyarawa, ina rubuta kowane canji. A karo na biyar suka yarda cewa zaƙi ya yi, tsami ya yi, yaji ya yi, amma dukkansu suka ce ba shi ba ne. Malam ya ce kamar an ɗinka riga an manta da aiki a wuya. Sai na ambaci ƙamshin da na ji ranar uku. Na ce ba na ɗan itace ba ne, ya fi kama da abin da ya taɓa wuta, kuma na san shi tun ina yaro. Ina cikin magana iska ta kaɗo mayafin Hajja, wadda ke zaune kusa da ni. Na tsaya.

"Hajja, wane turare ne a jikinki?"

"Kajiji mana, me ya faru?"

Goggo ta dafe ƙirji. Ta ce ita dai ta san duk ranar da Dada za ta turo ƙofa, sai ta shiga da kasko da garwashi, su kuwa suna zaton ɗaki take turarawa saboda baƙi. Hajja ta karɓe zancen. A Barno, in ji ta, da kajiji suke turara tulun ruwan sha, kuma ita ce ta nuna wa Dada haka tun suna amare. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan ƙulli. Aka kawo garwashi, aka barbaɗa, muka kifa ƙwaryar haɗi a kan hayaƙin har ta sha, sannan na zuba haɗi na biyar a ciki.

Kofin farko na Malam ne, kamar kullum. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya share ido da bakin rawani, sannan ya miƙo kofin. "Yaya ta fi ka hannu. Amma ƙara mini."

Hajja kuwa ta ɗaga kai sama tana tafa hannu. "Shekara arba'in! Ina roƙonki abin da ke ƙulle a bakin zanena, kina karɓa kina cewa in dawo gobe! Allah Ya yafe miki, Dada, ni dai sai na yi tunani."

Ba zan ce abin da muka haɗa shi ne ainihin wanda ta bari a bayan ƙofa ba, domin wancan ban ɗanɗana shi ba, kuma ba zan taɓa sani ba. A farin shafin na rubuta awon karo na biyar, na rubuta turaren ƙwarya, sannan a ƙasa na ƙara da cewa: haka mutum uku suka shaida, kuma tsamiyar baɗi ba a san ta ba. Ranar arba'in aka shanye shi tas kafin azahar. Malam ya leƙa gindin lemu ya ga ƙasa a bushe, ya ce yau mashayiya da azumi ta wuni.

Ya Allah, baiwarKa ta shayar da masu ƙishi a zaure da kan katanga, ta kuma tsare gidanta daga abin da take shakka ko da na hannunta ne. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka shayar da ita daga tafkin Alkausara, shan da babu ƙishi a bayansa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.